Katakon Maɗacin Gwaggo a Buhun Wake

Gumel, farkon Agusta

Zuwa ga taubashina Hamza,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya Jos da sanyinta? Yaya kuma hannun? Allah ya ƙara sauƙi. Mai ɗakina Murja tana gaishe ka.

Bayan haka, ina sanar da kai cikin alhini da miƙa wuya ga ƙaddara cewa an yi baƙo a katakonka. Sunansa funfuna. Faɗinsa bai wuce farcen babban yatsa ba, ya kuma sauka ne a kusurwar ɗaya daga allunan da ka ce na bayan jita ne, abin kiɗan nan mai tsirkiya da kake haɗawa. Na zaɓi rubutu a kan kira, domin waya tana sa mutum ya faɗi gaskiya tun bai gama shirya ta ba.

Kada hankalinka ya tashi. Na san ba katakon kasuwa ka ba ni ajiya ba. Tun da iska ta kayar da maɗacin ƙofar gidan marigayiya mahaifiyarka, Gwaggona, a Sule Tankarkar, aka yi girkin sadakarta da rassan, masassaƙa suka kwashe gindin, ba abin da ya rage mana sai 'yan allunan nan da aka yanka maka a injin Gagarawa. Ban kuma manta ba ka ce, tunda hannun ya soma rawa, wannan ce jitar ƙarshe da za ka haɗa. Saboda haka ne ma na ƙi bin umarninka.

Ka ce in jera su a kwance, in sa 'yan sanduna a tsakani, in ɗaga su daga ƙasa, in bar iska tana ratsa su. Wannan shawarar mutumin Jos ce, wanda ya manta garar Gumel, wadda ta taɓa cinye mini ƙamus har zuwa harafin K. Mu nan mun san ajiya. Waken da muke zubawa a buhu mai leda biyu a ciki, a ɗaure bakinsa tam, yana shekara ko ƙwaro ɗaya bai motsa a ciki ba. Abin da ya tsare wake daga ƙwaro, me zai hana shi tsare katako daga gara? Na saka allunan baya da na gefe a irin buhun, na jingina su a ɗakin littattafaina. Na wuyan jitar ne kawai ya ƙi shiga saboda tsawo, na ba Murja ta nema masa wuri.

Amma ka san baƙon nan ya burge ni? Na ɗauko madubin ƙara girma na zamanin da nake koyar da kimiyya, na leƙa. Gona ce sosai, Hamza. Siraran zaruruwa farare, kowanne da ɗan kai kore, kamar gero ya fitar da kai. Abin da ya hana ni sukuni shi ne ta ina ya shiga, alhali ledar ko hujin allura ba ta da shi. Na goge shi da tsumma, na mayar da allon, na ƙara ɗaure bakin da kyau.

Ka gaida yara. Ka huta lafiya.

Naka, wanda al'ada ta ce ubangidanka ne,
Ilu

Gumel, ƙarshen Agusta

Hamza,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata likitan ya duba hannun, kuma kana shan maganin, ba ajiye shi kake yi a ƙarƙashin matashi ba kamar yadda ka saba.

Direban motar Jos ya kawo amsarka. Mutum ya cika maka takarda da bayani, kai kuma ka aiko masa da kalma uku: “Ka buɗe ledar.” Ko gaisuwa babu. Na ɗora laifin a kan hannun, na yafe maka. Ledar dai na buɗe ta, na duba, na sake rufewa, domin ruwan bana bai bar bangon ɗaki ya bushe ba, kuma ban ga hikimar fito da katako cikin wannan laima ba.

Baƙo ya kawo iyalansa. Akwai kore, akwai ruwan toka, akwai kuma wani baƙi da ba ya goguwa, wanda nake zargin shi ne maigidan. Warinsu irin na ɗakin ajiyar makaranta ne bayan dogon hutu.

Na yi tunanin daga injin yanka aka kwaso shi, sai na hau mota zuwa Gagarawa Tasha. Mai injin ya bar ni na bi katakonsa ɗaya bayan ɗaya da madubina. Kafin in ɗago, mutane sun taru suna zaton jami'in gandun daji ne ya zo kame, har wani ya ja kurarsa ta itace ya ɓuya bayan masallaci. Ban samu komai ba sai ƙaiƙayin garin katako a wuya.

Ranar Alhamis na shiga kasuwar Maigatari, na haɗu da Ɗahiru, Badamagaren nan mai sayen riɗi da muke shan shayi tare. Ya ce in sa jabel, ruwan nan da suke wanke fararen kaya da shi. Ka san mutanen tsallake, a wurinsu ba abin da jabel ba ya wankewa, har baƙin jini. Na sayo kwalba. A matsayina na mai bincike, allo ɗaya na gwada, cikin na gefe. Funfunar ta mutu nan take, jan maɗacin ma ya bi ta, allon ya koma fari fat kamar an tsoratar da shi. Na shanya shi a tsakar gida da rana ta fito, don ya bushe da wuri.

Muna cin abinci bayan azahar muka ji ƙas, kamar an karya rake. Ya tsage daga baki, tsawon tafin hannu.

Ban iya ƙarasa tuwon ba. Na zauna da allon a cinya, sai ɗacin ya bugi hancina, irin na sassaƙen da Gwaggo take jiƙa mana idan ciki ya murɗa, ta riƙe mana hanci, kai kana ihu ni ina yi maka dariya kafin layi ya zo kaina. Ban san katako yana riƙe wari haka ba.

Ka gaya mini, gefen jita yana yiwuwa idan an rage masa tafin hannu? Ka amsa da abin da ya fi kalma uku.

Naka,
Ilu

Gumel, tsakiyar Satumba

Ɗan'uwana Hamza,

Ina gaishe ka, ina gaida mai ɗakinka da yara. Mu nan lafiya, gero ya nuna, an soma girbi. Shirunka ya iso, na kuma karanta shi sarai.

Shekaranjiya Murja ta kira ni in sauko mata da faifan kuɓewa daga rumfar bayan madafa. Ina miƙa hannu sai na ga a kan me faifan yake zaune. Wuyan jitarka ne. Ashe tun ranar da na ba ta shi ta gitta shi a kan gwafanni biyu a ƙarƙashin rumfar, inda rana ba ta kaiwa, ruwa ba ya taɓawa, iska kuwa ba ta fasa wucewa. Na sauko da shi ina addu'a. Ko ɗigon funfuna babu, gara ma ba ta san da zamansa ba. Ya yi sauƙi a hannu, jansa ya ƙara fitowa. Na ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya amsa da wata ƙara mai zaƙi da ta daɗe kafin ta mutu.

Na tsaya ina lissafi irin na aji. Bishiya ɗaya, zarto ɗaya, damina ɗaya, gida ɗaya. Bambancin kawai buhuna.

Na koma ɗaki na kwance bakin buhun, wannan karon ban dubi katakon ba, ledar na duba. Cikinta duk raɓa ce, ɗigo-ɗigo, tana gangarowa. Ruwan da na yi ta tsare ƙofa don kada ya shigo, ashe a jikin katakon yake tun daga Sule Tankarkar, yana neman hanyar fita, ni kuma na ɗaure masa baki. Irin funfunar kuwa yana cikin iska ko'ina, wannan ni da bakina na sha koya wa yara. Na kira Murja na yi mata wannan bayani dalla-dalla, har da zane a ƙasa. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, “Malam, ka taɓa ganin na zuba ɗanyen wake a buhu?” Ta ɗauki faifanta ta wuce.

Ga halin da ake ciki. Na fito da su duka, na goge su da sifirit na kemis a inuwa, na bi su da samfefa, takardar nan mai kaushi ta goge katako, a hankali. Suna rumfar Murja yanzu, a kwance, da sanduna a tsakani, bakin kowanne na shafe da kakin zuma. Kuɓewa ta koma kan katanga, mai ita kuma ba ta daina tuna mini ba. Allunan baya ba su ruɓe ba, na ƙwanƙwasa su sun amsa, ko da yake muryarsu ba ta kai ta wuyan ba tukuna. Sai dai baƙin nan ya shiga cikin ɗaya, samfefa ba ta kai gare shi ba, ya bar tabo kamar taswirar wata ƙasa da ban sani ba. Na gefen da ya tsage yana nan yadda na gaya maka. Ban sake gwada masa komai ba, ba kuma zan gwada ba.

Ka zo bayan girbi ka gani da idonka, ka taɓa da hannunka tun yana yarda. Idan jitar ta yiwu, ka juya tabon ta ciki, ko ka bar shi a waje ka riƙa gaya wa mutane aikin wane ne.

Kalmominka uku sun fi takarduna duka. Kai ne da gaskiya, ni na yi kuskure.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya ba ka lafiya.

Naka, mai jiran hukunci,
Ilu