Motar da Ke Son Doguwar Hanya

Maamobi, Accra

Zuwa ga ɗana Shamsudeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da aiki da sanyin Hamburg. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ta ƙi jin magani.

Na rubuto da hannuna, ƙanwarka Suweiba za ta ɗauki hoton takardar ta tura maka. In ka kira waya babanka yana kusa, kuma kunnen da ba ya jin kirana daga tsakar gida ba ya kuskure maganar mota.

Ka ce za ka aiko mota ta jirgin ruwa don in daina hawa trotro, motar haya, da tukwanen waakye, shinkafa da waken da nake sayarwa, ka tambaya mai fetur ko mai dizal. Na tambayi Nurudeen makaniken layinmu. Ya ce daga gida zuwa rumfata a kasuwar Nima tafiyar minti goma ce, mai fetur ce daidai da mu. Ta fi arha, gyaranta ya fi sauƙi, kuma gajeren zango ba ya damunta. Mai dizal sai a doguwar hanya take nuna tattalinta.

To amma ka san babanka. Shekara talatin da biyu yana jan babbar mota daga Tema zuwa Bawku, a wurinsa duk abin da ba ya shan dizal kayan wasa ne. Tun da kamfani ya sallame shi yake zaune a bencin ƙofar gida, ba hira, ba faɗa, har faɗan nasa na yi kewa. Ranar da ka ambaci mota kuwa sai da ya nemi ƙarin tuwo.

Don haka ka aiko mai dizal. Na san ba ita ce shawarar kirki ba, amma ita nake so.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare mini kai.

Mahaifiyarka,
Alima

Maamobi, Accra

Ɗana Shamsu,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya jikinka, murar ta sake ka? Ka riƙa rufe ƙirjinka.

Na san Suweiba ta riga ni, bakinta ba ya riƙe ko gishiri. Amma ka ji daga wurina.

Da motar ta iso, wata uku muka yi cikin daɗi. Daga sallar asuba babanka zai wanke motar, ya duba mai da ruwa, ya zagaya yana bubbuga tayoyi kamar Bawku za mu. Shi yake loda tukwane, ya kai ni, ya dawo ɗaukata da azahar. Har faɗa ya dawo yi, wai ina rufe ƙofa da ƙarfi.

Sai wata fitila ta fara kunnuwa a gabansa, motar ta riƙa rage ƙarfi. Ya ce ya san dizal tun kafin a haifi wanda ya ƙera fitilar. Ranar Laraba ta mutu mana a tsakiyar titin Nima, ana ta busa mana ƙaho. Kayaye, matan nan masu dako, suka kwashi tukwanena a ka, direbobin trotro da suka girma a gabansa suka tura shi gefe. Wani cikinsu ya yi dariya. Na ga fuskar babanka a lokacin, ban so na gani ba.

Nurudeen ya ce dizal ɗin yanzu ba irin na da ba ne. Akwai matata a bututun hayaƙi da ke tare baƙin hayaƙi, kuma ba ta ƙone shi sai inji ya yi zafi a doguwar tafiya. Mu kuwa kafin inji ya ɗumama mun isa. Kullum tana tarawa, har ta toshe.

Babanka bai yi musu ba, abin da ya tsorata ni ke nan. Ya rataye makulli a ƙusa ya koma benci. Ya ce in gaya maka ka sayar ka sayo mai fetur, Suweiba ta koyi tuƙi, tunda direban da bai san motarsa ba, aikinsa ya ƙare. Abincinsa ma a rufe yake dawowa.

Laifin nawa ne, Shamsu, na sani kuma na yi shiru. Na ji ka ce a nemi mai saye. Ka dakata mini mako biyu.

Ka sa mu a addu'a.

Mahaifiyarka,
Alima

Maamobi, Accra

Shamsu nawa,

Gaisuwa da fatan alheri, kai da abokan zamanka. Gwiwa da sauƙi, alhamdu lillahi.

Nurudeen ya wanke matatar. Ya ce maganin kada ta sake toshewa shi ne a fita da motar babbar hanya sau ɗaya a mako, a ba ta wuta kamar awa guda. Na roƙe shi kada ya gaya mini ni kaɗai, ya je ya faɗa a benci gaban abokan babanka. Yaron yana da hankali. Ya ƙara da cewa shi ba zai ba yaran yanzu wannan aikin ba, sai wanda ya san doguwar hanya. Da la'asar makullin ba ya jikin ƙusa.

Lahadi da sassafe ya ce in shirya, wai ba a barin mota ta yi tafiya ba nauyi. Ka ji fa, ni ce nauyin. Muka ɗauki hanyar Kumasi. Da muka fita daga cunkoso motar ta saki jiki, shi ma haka. Ya yi ta nuna mini inda yake tsayawa sallah, da kwanar da tayarsa ta fashe shekarar da aka haife ka. A Nsawam ya tsaya ya sayo burodi, irin wanda kuke tsalle a kai in ya dawo daga tafiya. Ya gutsura mini da hannunsa.

Shekara talatin da biyu ina ɗaure masa guzuri, ina tsayawa a ƙofa har motarsa ta ɓace, ban taɓa ganin hanyar da take ɗauke mini shi ba sai ranar. Na yi hawaye kaɗan, na ce iska ce.

In wani abokinka ya tambaye ka motar zuwa kasuwa da dawowa, ka ce ya sayi mai fetur, Nurudeen ya yi gaskiya. Mu duk tattalin da dizal zai yi mana, Lahadi take cinye shi. Amma kada ka sayar da tamu.

Babanka ya ce mako mai zuwa sai Suhum, wai motar ce take buƙata. Ban musa masa ba, na dai sayo sabon mayafi.

Yana gaishe ka, Suweiba ma haka. Allah ya sada mu da alheri.

Mahaifiyarka mai ƙaunarka,
Alima