Shanun da Ba Su da Mai Su

Unguwar Yerimaram,
Potiskum.
Satumba, 1955.

Zuwa ga yayana Muhammadu Lawan, a Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Hadizatu da yara gaba ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya, ya buɗa kasuwa, ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Damina ta yi albarka, gero ya nuna, wake yana fure. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zuwa gidajen suna da kanta, tana dawowa tana ba mu labarin wanda ya yi rowar tuwo. Goron da ka aiko ya iso lafiya, ta raba wa ƙawayenta, ta ɓoye sauran inda ko matata Aisa ba ta sani ba.

Yaya, abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata magana ce da ta ɗaure mini kai, kuma da hannunka a ciki, don haka ka yi haƙuri da tsawon takardar. Ka tuna tun da ruwa ya ci Ayuba, mijin ƙanwarmu Yelwa, a mashigar Gongola bara, sa'ad da suke kora shanu zuwa Kurmi, ta dawo gidana da 'ya'yanta. A wurin zaman makokinsa na duba na ga ba ita kaɗai ba ce. Kowace shekara sai hanyar nan ta cinye wani daga cikin masu kora, wani zazzaɓi, wani maciji, wani ruwa, mu kuwa dillalan kara, wato kasuwar shanu, da muke cin abinci da ƙafafunsu iyakarmu mu je ta'aziyya mu shafa fatiha mu watse. Na kai maganar wurin Baba Maigandi, dattijon dillalanmu, muka tara mutane, aka shirya duk mai hali ya ba da saniya ko karsana a haɗa garke guda. Bubayaro, Bafulatanin nan abokin marigayi Baba, ya karɓi kiwo, nonon kuma ana kai wa matan da hanya ta raba da mazansu, su sha da 'ya'yansu su sayar da saura. Kai ma da na aika maka ka ce a sa jar karsanarka. Suka ce ni ne shugaba, tunda ni na kawo maganar, kuma na yi ajin yaƙi da jahilci ina iya rubutu. Abin ya yi ta tafiya lafiya, ba wanda ya tambaye mu komai.

Sai lokacin jangali ya zo. Masu ƙirga shanu suka isa rugar Bubayaro a bayan Ngojin, suka ƙirga nasa, suka juya kan namu suka ce na wane ne. Ya ce na marayu ne. Suka ce wane marayan, ya ce dukansu. Suka ce to a kira mai su, ya ce ba su da mai su. Su kuma suka ce a aikinsu ba su taɓa ganin saniyar da ba ta da mai ita ba, don haka duk wadda ta kwana a garkensa a kansa za a rubuta. Washegari sai ga shi a ƙofar gidana, ko zama ya ƙi yi. Ya ce shi don Allah ya karɓi kiwon nan, ko ladan kiwo bai nema ba, amma ba zai sayar da maraƙinsa ya biya wa shanun da ba nasa ba. Ko mu warware maganar, ko mu zo mu kwashe dabbobinmu kafin kaka. Wallahi ban ga laifinsa ba. Mu kuma in muka ce kowace shekara a fitar da saniya a sayar a biya, ba za a daɗe ba garken zai ƙare.

Na je wurin maƙwabcina Malam Abdulsalam, wanda yake aikin akawu, ya ce akwai hanya. Wai sai mu yi wa taronmu rajista, hukuma ta san da shi, sa'an nan mu roƙi a ɗauke masa haraji tunda ba riba yake nema ba. Ya ce in aka yi haka ƙungiyar ta zama kamar mutum, tana iya mallakar dukiya, tana iya kai ƙara, ana iya kai ta, amma ba ta ci ba ta sha, ba ta mutuwa. Na ce to in mutum ce, me zai hana a sa mata haraji kamar kowa? Ya ce ai don ba mutum ba ce. Yaya, tun daga nan kaina ya fara juyawa, har yau bai tsaya ba. Ya tambayi sunanmu, na ce Jam'iyyar Taimakon Marayun Masu Kora. Sai ya dafe kai ya ce mu rufa masa asiri mu cire kalmar jam'iyya, yanzu zamanin siyasa ne, kada a ɗauka zaɓe za mu shiga, mu ce ƙungiya. Da na gaya wa Baba Maigandi ya ce shi a saninsa duka biyun taron mutane ne, amma in canja suna zai sa a bar mana shanu, a kira mu ko da me.

Na ce bari in ji ta bakin malamai, na tafi wurin limamin unguwa. Ya ce wannan ai wakafi ne, abu ne sananne tun kaka da kakanni, abin da aka ba Allah ba na kowa ba ne. Na fito raina fari, na koma wurin Malam Abdulsalam da murna. Ya ce liman ya yi gaskiya, amma takardar hukuma ba ta tambayi wannan ba, ita dokoki take so a rubuce. Kuma wai ƙungiya iri biyu ce: akwai wadda 'ya'yanta suke cin moriyarta, irin ta manoman gyaɗa, ita ba a yafe mata komai, akwai kuma wadda ake yi don jama'a, ita ce ake iya yafe wa. Ya ce mu wacce ce? A wurin akwai Saleh, ɗaya daga cikin masu kora, wanda ya ba da saniyarsa tun farko. Ya ce shi tambayarsa guda ce: in gobe shi ruwa ya ci, matarsa za ta sha nonon nan ko ba za ta sha ba? In za ta sha, to ya ci moriya ke nan ko yana kabari? In kuwa ba za ta sha ba, me ya kawo shi? Malam Abdulsalam ya tuɓe hula ya mayar, ya ce zai tambaya.

Ƙarshe dai aka kai mu gaban Baturen da yake duba irin wannan sha'ani, ni da Baba Maigandi, da tafinta a tsakani. Saurayi ne mai fara'a, ya ba mu kujeru, ya ce aikinmu ya burge shi. Ya tambayi matan da ake kai wa nono ɗaya bayan ɗaya, da inda kowacce take zaune. Da aka zo kan Yelwa na ce ƙanwata ce, a gidana take. Nan ya ajiye alƙalami. Ya tambaya ko nonon da yake shiga gidana ni ma ina sha. Na ce ranka ya daɗe, gida ɗaya ne, in an dama fura ba a ware wa kowa ƙwarya. Ya ce shi bai zarge ni da komai ba, amma takardar Maiduguri za ta je, wurin mutanen da ba su san ni ba, kuma abin da za su fara dubawa shi ne ko shugaba yana cin abin da aka tara. Ya ƙara da cewa duk wanda ya ba da saniya sai ya sa hannu cewa ya ba da ita har abada, ko ƙungiyar ta watse ba za ta koma gare shi ko magadansa ba, sai dai a miƙa wa wata ƙungiya irinta. Baba Maigandi ya ce in babu wata irinta fa? Baturen ya yi dariya ya ce wannan ma zai rubuta ya tambaya.

Na dawo gida. Na gaya wa Aisa, kafin in yi alwala magana ta kai kunnen Yelwa. Ta zo ta durƙusa ta ce in cire sunanta, za ta koma saƙar faifai da dakau, ba ta so a ce saboda ita marayun wasu suka rasa. Tana faɗa tana goge ido da gefen mayafi. Inna kuwa faɗa ta hau yi, ta ce tunda aka haife ta ba ta taɓa jin inda taimakon ɗan'uwa ya zama abin tuhuma ba, wato a ciyar da bare a tsallake na gida? Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan. Ba wai ba zan iya riƙe Yelwa ba ne, Yaya, ka san ba za ta kwana da yunwa a gidana ba. Amma da ka ga yadda fuskarta ta sake tun da ta fara samun abin kanta, tana saya wa yaranta sabulu da riga ba ta jira an miƙo mata ba, da kai ma ba ka yarda a karɓe mata wannan ba. Kuma mijinta a kan hanyar nan ya mutu kamar mazan sauran.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka taru a zaurena, na ce na sauka daga shugabanci, kuma a cire sunana daga ƙungiyar gaba ɗaya, don kada a sami abin faɗa. Baba Maigandi ya ce bai yarda ba, ya za a yi mutum ya haƙa rijiya a hana shi tsayawa bakinta. Na ce ban ga wata hanya ba, in wani ya gani ya faɗa. Ba a sami wata hanyar ba. Aka zaɓi Saleh. Shi kuma bai iya rubutu ba, don haka ni na rubuta musu dokokin, ni na rubuta cewa an cire ni. Cikin dokokin akwai wadda Malam Abdulsalam ya ce a sa, cewa wanda ba ɗan ƙungiya ba ba ya zama wurin shawara. Da suka zo yin shawarar rabon nono sai kowa ya sunkuyar da kai. Na gane, na ɗauki takalmana na fita na zauna a dakalin ƙofar gidana, ina jin muryoyinsu a cikin zaurena. Masu wucewa suna tambaya ko lafiya, ina cewa lafiya lau.

Abin da ya ƙara rikita ni shi ne, bayan takardar ta tafi Maiduguri, Malam Abdulsalam ya zo ya ce sun sake magana da Baturen, kuma a yadda ya fahimta wai ba lalle ne in fita ba, da na tashi kawai duk lokacin da za a yi maganar Yelwa ya isa. Amma ya ce shi ma bai tabbata ba, mai yiwuwa haka aka faɗa tun ranar farko maganar ta sauya a bakin tafinta. Yanzu ban sani ba ko abin da na yi shi ya tsirar da shanun, ko kuwa a banza na kori kaina. Abin da na sani dai an dakatar da jangalin har amsa ta zo, Bubayaro ya yarda zai jira, nono kuma yana zuwa wa Yelwa kowace safiya.

To ga inda hannunka ya shigo. Na haɗo da wata takarda cikin wannan, wadda ake so ka sa wa hannu a kan jar karsanarka. Ina so ka fahimta sarai kafin ka sa: ba aro ba ne, ba za ta dawo gare ka ba, ba za ta shiga gadon 'ya'yanka ba. Tana da ciki yanzu, na tambaya ɗan na wane ne, aka ce na ƙungiya ne tun yana ciki. In ranka bai kwanta ba ka faɗa mini, sai a ware ta, ba wanda zai ga laifinka. Kuma don Allah ka tambayar mini Hausawan Zango yadda suke yin irin wannan a can, ko su ma sai mutum ya rabu da abu kafin a yarda don Allah ya yi shi.

Ni dai yanzu ba ni da wurin zama a taron. Ranar da babu kasuwa nakan ɗauki lauje in tafi ruga in yanko wa shanun ciyawa, tunda har yau ba wanda ya ce mini an hana wannan. Zuwana na farko Bubayaro ya dube ni ya ce a matsayin wa na zo, shugaba ko mai saniya? Na ce wallahi ban sani ba. Sai ya miƙo mini igiya ya ce in riƙe masa maraƙi zai yi tatsa.

Inna tana sa maka albarka, ta ce ka dawo ta gan ka tun tana gani. Yelwa da Aisa suna gaishe ka, haka Baba Maigandi. Ka gaishe mini da Hadizatu, ka shafa mini kan Halimatu Sadiya da Yaji, ka ce Baffansu yana nan yana kewarsu. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne ƙaninka,
Babaji.