Ɗumin Bayanki, Inna

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki.

Yau ma daga Rogo na dawo a bayan akori-kura, ƙafafuna duk sun kumbura. Wajen matan da ciwon daji ya kama na je, irin naki, waɗanda aka sallamo daga asibitin Kano aka ce su je gida su yi haƙuri. Ɗakin shan maganinmu kuwa kin san shi, sai kwalaben wofi. Abin da ya rage mini shi ne wanda wata malama Ba'indiya ta koya mana a makarantar jinya, wai shi yoga. A zauna, a miƙe gaɓoɓi, a ja numfashi a hankali a saki, har hankalin mutum ya bi numfashin ya bar wurin ciwon. Liman ya bincika, ya ce babu laifi in dai da salati a zuci. Ba ya warkarwa. Yana dai sa mace ta iya shan kunu.

Na gaji, Inna. Na gaji da koya wa mace abu, ta iya, sannan a aiko in je gaisuwar rasuwarta.

Amma duk cikin ɗalibaina babu wadda ta wahalar da ni kamarki. Ni ce 'yar farinki, ke kuma kin riƙe kunyar ɗan fari iya riƙo. Ba ki taɓa kiran sunana ba, ba ki taɓa haɗa ido da ni ba. Da ciwon ya ci nononki na taho garinmu Yammedi da tabarmata, sai ga shi aikin yana so in zauna gabanki, in ɗora hannu a cikinki, ki dube ni. Kika juya fuska ga bango, kika ce wa ƙanwarki Goggo Asabe, "Ku ce wa waccan ta koma bakin aikinta." Gumi na zuba, kin cije leɓe, amma ki yi nishi a gabana? Ina!

Na ji haushinki ƙwarai. Na koya wa Goggo don ta koya miki, ita kuwa ta dinga busa kamar mai hura wuta har kika kore ta.

Ran nan da hantsi kina tsakar gida, raɗaɗi ya hana ki jingina da bango. Na zo na zauna a bayanki, na ba ki nawa bayan. Na ja numfashi, na saki. Can sai na ji nauyinki ya sauko a kaina, haƙarƙarinki ya fara bin nawa. Sharaɗi ɗaya kika gindaya, shi ma kajin gidan kika faɗa wa: "Kada dai wani ya waiwayo."

Haka muka cinye daminar. Tun da aka yaye ni aka miƙa wa Kaka, ban ƙara jin ɗumin bayanki ba sai lokacin.

Ranar ƙarshe kowa ya tafi cirar gyaɗa, daga ni sai ke. Na ja numfashi, naki bai biyo ba. Na sake ja. Na gane kin cika, Inna, ai aikina ne. Amma na ci gaba da ja ina saki, kina jingine da ni, har aka kira azahar. Ban waiwayo ba.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata kabarinki, ya sa zafin nan da kika sha ya zama kaffara. Matan Rogo kuma Allah ya sassauta musu, ni ya ara mini ƙarfin komawa gobe.

'Yarki,
Hajara