Abin da Nna Ta Gani a Bidiyo

Maitumbi, Minna,
Jihar Neja.
Lahadi, bayan la'asar.

Zuwa ga Yayata Rashidatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji da yara gaba ɗaya. Ya Kumasi, ya ƙafar Alhaji da kika ce tana damunsa? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Mu ma nan alhamdu lillahi. Damina ta zauna sosai, sabuwar doya ta fara shigowa kasuwa. Kawu Kudu ya gama rufin ɗakinsa na Tudun Fulani, yanzu ba shi da zance sai na kwano. Ƙanin naki, maigidana Jamil, yana nan yana fama da ɗalibansa. Ni ce dai sauƙin nawa sai na yi miki bayani.

Yaya, na ji saƙonninki na murya guda uku. Na ƙarshen, wanda kika yi kuka kina tambayata ko gaskiya ne abin da ake faɗa a kaina, na saurare shi ya fi sau goma ban iya amsawa ba. Ki yafe mini, ba raini ba ne. Wayar ce ta zame mini abin tsoro. Kuma maganar da zan faɗa miki ba ta fita a bakina, ko ni kaɗai ce a ɗaki. Da na ji Ndakotsu, abokin Jamil mai zuwa sarin atamfa wajenku, zai taso ranar Talata, sai na yage takarda daga littafin da nake rubuta girke-girke na zauna. Tun da Inna ta rasu ke ce uwata, in ban faɗa miki ba wa zan faɗa wa?

Kin san shekara uku ke nan ina girki a shafina, kuma kin san yadda nake rufe kowane bidiyo: in yanko loma, in ce wa masu kallo su matso bismillah, in kai baki. Da wannan lomar aka san ni. A lokacin ma ban tsira ba, don ina da jiki, ana ce mini buhun shinkafa, wani ya ce in rage ɗanɗano kada kujera ta karye. Ina dariya in wuce, ina cewa ai mai girki ba ta rama. Ashe ɗan Adam ba a iya masa. Waɗanda suka ce na cika faɗi su ne yau suke cewa na zama sillen kara.

To ga gaskiyar magana, Yaya, ba cuta ba ce. Ɓatan wata na yi, har uku. Laulayi ne ya sa ni a gaba irin wanda ban taɓa jin labarinsa ba. Ni da nake jin ƙamshin daddawa in ji yunwa, yanzu ko maƙwabta ne suka buɗe tasu sai na nemi bokiti. Manja in ya hau wuta, shi ke nan na gama yawo. Ruwa ma sai na yi dabara yake zama. Zoben aurena ya koma babban yatsa, rigunana duk sun zama na aro. Kin tuna bara, da murna ta ɗebe ni na saka hoton ɗan takalmin jariri a shafi tun cikin bai kai ko'ina ba, bayan sati biyu ya zube. Kin yi mini faɗa kin ce ba a shelar ciki, shi yake shelar kansa, kuma baki shi ke yanka wuya. Ko baki ne, ko ƙaddara ce kawai, Allah Shi Ya sani. Amma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Na yi wa kaina alkawari wannan karon babu wanda zai ji, daga ni sai Jamil.

Sai dai aikin nawa a gaban mutane ake yin sa. Na daina kai lomar ƙarshe, in na gama sai in nuna kwano kawai in yi sallama. Ban zaci kowa zai lura ba, ashe ƙirgawa suke yi. Sannan wata Asabar, sati huɗu da suka wuce, ina girkin kai tsaye kamar yadda na saba, miyar kuka da busasshen kifi. Na jefa daddawa ke nan zuciyata ta tashi. Na ruga bayan ƙofa, kuma a ruɗe na manta ban kashe wayar ba. Ba su gan ni ba, amma duk sun ji. Na dawo na wanke fuska na ƙarasa miyar ina murmushi, ina ganin na rufa wa kaina asiri. Kafin magariba wani ya yanko wajen, ya haɗa shi da tsohon hotona na bikin 'yar Kawu lokacin ina cike, ya rubuta wai ga mai koya wa mutane ci, ita kuwa tana amayar da nata da gangan don kada ta yi ƙiba. Har sunan cutar suka sa da Turanci, sunan da ni ban taɓa ji ba sai a kaina.

Daga nan kowa ya zama likita. Wata ta ce ƙashin wuyana zai ɗauki ruwan alwala. Wani ya ce kamar kazar mayu. Wasu suka ce Jamil ne ba ya ciyar da ni, bawan Allahn da yake zagaye Minna a kan babur yana nemo mini agwaluma da ɗanyen mangwaro. Waɗanda suka fi ci mini rai su ne masu tausayi, masu rubuta doguwar nasiha suna cewa in ji tsoron Allah in nemi magani, 'yan mata suna koyi da ni. Na san akwai masu fama da wannan cuta da gaske, kuma na tausaya musu, don in haka ake yi musu to ba a taimake su ba. Abin bai tsaya a waya ba. Mai keken da ya ɗauko ni daga kasuwa ya riƙa leƙena ta madubi, da zan sauka ya ce Hajiya a daure a riƙa cin abinci. Jamil ya so ya shiga ya ba su amsa, na riƙe masa hannu, don amsar guda ɗaya ce kuma ita ce ba na so a faɗa. Ina faɗa miki, Yaya, na kai ina tsayawa gaban madubi ina taɓa wuyana, ina ganin abin da suke faɗa. Na tsani jikina, alhali shi yake ɗauke mini da abin da na fi so a duniya.

A nan ne na yi wautar da nake jin kunyar rubutawa. Maƙwabciyarmu Maman Eric, mai shagon kayan kwalliya, mace ce mai kirki, ita ma ta ga bidiyon. Ta shigo da 'yan ƙwayoyi a ƙulle a leda, irin waɗanda ake kira sha ka fashe. Ta ce ƙanwarta ta sha, sati biyu ta murje, in sha in rufe bakin 'yan gulma. Ba ta san halin da nake ciki ba, ni kuwa na sani, amma na karɓa. Kwana biyu suna ƙarƙashin filo. Ranar Alhamis da safe, bayan Jamil ya tafi makaranta, na buɗe waya na ga wata ta rubuta cewa nan da Sallah sai dai a yi mini addu'a. Na ajiye wayar na haɗiye guda ɗaya. Ko minti biyar ba ta yi ba ta dawo, tare da ɗan shayin da na sha. Na zauna a ƙasa ina kuka, ina tunanin me na yi, kuma saboda wa.

Ina nan zaune aka yi sallama, sai ga Nna, mahaifiyar Jamil, tun daga Shango, da ƙullin kaya a ka. Kin san tsakanina da ita sai gaisuwa da sunkuyar da kai, shekara biyu ban taɓa ko shan ruwa a gabanta ba. Ashe jikokinta suna nuna mata bidiyona duk Asabar, kuma sun karanta mata abin da ake rubutawa. Na ce a raina ta zo jin ba'asi ne. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta kwance ƙullin, sai ga tsamiya, da gero surfaffe, da citta, da 'yar busasshiyar kuɓewa. Ta ce, da Hausarta mai ce wa mace kai, ita ta kalli bidiyon sau ɗaya ne, ta ga yadda na kawar da fuska tun kafin daddawar ta taɓa ruwa, ta ga kuma inda hannuna na hagu yake komawa in na tsaya. Ta ce haka ta yi da cikin Jamil, wata huɗu ba ta shiga madafa ba, har mutanen ƙauyensu suka ce an yi mata sammu. Mutum dubu arba'in sun kalla sun ga cuta, tsohuwar da ba ta iya kunna waya ba ta kalla ta gane. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Sai idonta ya kai kan ledar. Ta ɗauka ta jujjuya, ta tambaye ni nawa na sha. Na ɗaga yatsa ɗaya, na ce kuma bai zauna ba. Ta ƙulle ledar a bakin zaninta, ta ce in ɗauko mayafi. A keke ɗaya muka tafi asibitin da nake awo, hannunta yana kan gwiwata har muka isa. Ma'aikaciyar da ke duba ni, Sista Lilian, ta ga ƙwayoyin ta yi mini faɗa sosai. Ta ce mai ciki ba ta shan abin da ba a san kansa ba, kuma da na ci gaba da ba ta san abin da za ta ce mini ba. Ta kwantar da ni ta ɗora na'urarta. An ɗan jima ba a ji komai ba. Can sai ga bugun zuciyar ɗan cikin, da sauri da sauri, kamar ana daka a gidan nesa. Nna da ke bakin labule ta ce alhamdu lillahi sau uku.

Kada ki ɗauka hankalina ya kwanta gaba ɗaya. Sista ta ce nauyina ya yi ƙasa fiye da yadda take so. Ta ba ni magani, ta ce in dawo bayan sati biyu, in bai ƙaru ba za su riƙe ni su sa mini ruwa. Ciki yana daidai wannan watan na rasa na bara, shi ya sa ko ciwon mara kaɗan na ji sai in ƙame a inda nake. Nna ta tare a wajenmu, tana dama mini kunun tsamiya, shi kaɗai ne yake zama. Jiya Asabar na yi ƙarfin hali na kunna kai tsaye, na koya musu kunun, hannun Nna ne ma yake tace gasarar. Da aka gama na tsaya riƙe da kofi, ga masu kallo suna jira, ga surukata a tsaye. Ita ta gane kunyarta ce ta hana ni sha. Sai ta juya ta fuskanci ƙofa kamar mai neman wani abu a tsakar gida, ta tsaya a haka har na shanye rabi. Na ce wa masu kallo su matso bismillah. Duk da haka wasu sun rubuta wai wasan kwaikwayo ne, zan je in zubar. Yanzu Jamil ne yake riƙe wayar, yana karanta mini tambayoyin girki kawai, sauran ya share.

Abu uku nake roƙonki. Na farko, na san halinki, kada ki shiga shafin nan ki yi faɗa da kowa, don in ranki ya ɓaci sai kin faɗi abin da nake ɓoyewa. Su ci gaba da cewa ina da cuta, na yarda in ɗauki wannan sunan wata biyu ko uku, in dai abin da ke jikina zai zauna. Ranar da ya fito ya nuna kansa, shi zai ba su amsa. Na biyu, ki sa ni a addu'a, musamman ranar Alhamis ta sama da zan koma awo, don tsoro nake ji, Yaya, tsoro sosai. Na uku, in Allah Ya kai mu lafiya, ki fara lallaɓa Alhaji tun yanzu ya bar ki ki zo. Nna ta ce ita za ta yi mini wankan jego, na gode mata, amma ina so ki kasance a ɗakin, a inda Inna za ta zauna da tana raye.

Ki gaishe mini da Alhaji da kyau, ki ce ina yi masa ya jiki. Ki shafa mini kan Ummi da Sadiku, ki ce Anti ba ta manta da alkawarin dambun nama ba, sai hancinta ya huce. Jamil yana gaishe ki, Kawu Kudu ma haka, shi bai san komai ba tukuna. Nna ta ce in gaishe da yayar da ta yi mini tarbiyya. In kin karanta ki adana takardar inda yara ba za su gani ba. Allah Ya sada mu da alheri, Ya bar zumunci.

Wassalam. Mu biyu muke gaishe ki.

Ƙanwarki,
Bintu