Angon Raluca

Litinin, 2 ga Oktoba

Raluca ta mutu jiya. Motar katako ce ta buge ta a kan keke, a kwanar gada. Na rubuta ne don in ga ko zan yarda. Ban yarda ba. Tun ajin farko bencinmu ɗaya, kuma ko ɗigon hawaye ban yi ba.

Talata, 3 ga Oktoba

Tunda ba ta yi aure ba, a amarya za a binne ta. Mahaifiyarta, Tanti Palaga, ta aika birni an sayo farar riga. Saura ango, wanda zai taka a gefen akwatin har bakin kabari. Mata suka zauna a kicin suka zaɓi yayana Grigore, wai yana da tsawo kuma yana da kwat. Grigore fa, wanda Raluca ke kira Buhun Dankali.

Raina ya ɓaci har na fasa faranti, ni kaina ban san dalili ba. Na tambayi Kaka me gawa za ta yi da ango. Ta ce don kada yarinya ta tafi da kwaɗayin abin da ba ta samu ba, ta riƙa dawowa nema. Na ce to idan ba shi take so ba fa?

"To wa take so, Ilinca?"

Na sunkuya ina tsince fasasshen farantin.

Laraba, 4 ga Oktoba

Ni na kitse wa Raluca gashi kafin a ɗora mayafi. An binne ta. Grigore na gaba yana ɗingishi, takalmin aro ya matse shi, ni ina can baya cikin 'yan mata riƙe da kyandir. Abin da ya ɗaure min kai, shi ake yi wa ta'aziyya. Tsofaffi na shafa masa kumatu suna ba shi haƙuri, shi kuma ɗan banza yana gyaɗa kai. Ni aka ce in je in taya raba burodi.

Asabar, 7 ga Oktoba

Kishi nake yi. Da yayana. A kan gawa. Wace irin mutum ce ni?

Alhamis, 12 ga Oktoba

Na yi gwaji a makaranta. Akwai Octav, wanda duk 'yan matan aji ke mutuwa a kansa. Na ƙura masa ido tun farkon darasin lissafi har ƙarshe, ina jira in ji wani abu. Abin da na gano kawai, kunnensa ɗaya ya fi ɗaya girma. Amma da na tuna yadda Raluca ke cije leɓe in tana ɗaure gashi, sai ga abin da nake jira in ji ya zo, kamar na zame daga tsani.

A watan Agusta muna juya ciyawa a gonar Kaka, muka gaji muka kwanta a inuwa. Ta ce da ni namiji ce da tuni ta aure ni. Na ce dole sai namiji? Na ɗauka za ta fashe da dariya. Ba ta yi ba. Ta kama hannuna ta ɗora a kumatunta, muna nan har aka kira mu cin abinci.

Wasa take yi? Ina son in sani fiye da komai. Mutum ɗaya ce ke da amsar, kuma mun rufe ta da ƙasa.

Asabar, 21 ga Oktoba

Ina ware ruɓaɓɓen tuffa a rumfa Grigore ya shigo. Angon gawa kan ɗaura baƙin ƙyalle a damtse har ranar arba'in. Ya kwance nasa ya jefo min a cinya, wai ƙaiƙayi yake sa shi. Na ce Tanti Palaga ba za ta ji daɗi ba. Ya ɗauki tuffa yana jujjuyawa, ya ƙi kallona.

"Ni na zo kiranku cin abinci ran nan a gona, ƙanwata. Na daɗe a tsaye kafin in yi magana. Ke ba ki ga yadda take kallonki ba, ni na gani."

Na ce masa Buhun Dankali take kiransa. Ya ce ya sani. Daga nan kuka ya ƙwace min, na farko, a jikin rigarsa mai warin man inji.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Niyyata in ɗaura ƙyallen a ƙarƙashin riga, inda ba mai gani. Hannun rigar ne ya matse, shi ya sa na ɗaura a sama. Ba wani abu ba ne.

A bakin ƙofa Kaka ta tsaya tana kallon damtsena, ta daɗe. Sai ta miƙo hannu ta kwance ƙyallen. Ta zagayo ta ɗaya gefen, ta sake ɗaurawa, ta ja ƙullin da ƙarfi.

"A hagu ake ɗaurawa," in ji ta.

Ta kama gwiwar hannuna muka tafi coci.