Kofi Mai Jan Zare da Waɗanda Za Su Wanke Ni

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ni ce Sa'adatu 'yar Malam Tijjani mai ɗinkin hula, haifaffiyar unguwar Jarwal a Makka, wadda jikoki ke kira Sitti. Da hannuna nake rubuta wannan, bayan sallar walaha, hankalina garau. Gwiwoyi sun yi murabus, zuciya kuma likita ya ce ta gaji, amma kai yana nan daram. Wanda ke shakka a cikinku ya zo in tuna masa shekarar da ya daina fitsarin kwance. Na shaida babu abin bautawa da gaskiya sai Allah, Annabi Muhammadu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, manzonSa ne. A kan haka na rayu, a kai nake fatan cikawa.

Zuwa gare ku, 'ya'yana biyu da suka rage, Abdulganiyyu da Maha, da jikokina duka. Da gangan na rubuta da Hausa. Karatuna bai wuce allo da ajin manya ba, amma da na so Larabci da na lallaɓa. So nake jikokin nan da Hausarsu ta tsaya a tuwo da sannu su zauna ɗaki ɗaya, Abdulganiyyu yana karantawa yana fassarawa, kowa na ganin fuskar kowa.

Na ɗaya. A sallace ni a Harami, a binne ni inda aka sami wuri, kada a wahalar da kowa da neman kusa da wane. Ban yarda da kururuwa ba. Hawaye kuwa, Maha, na yafe miki, don ke tun ranar da aka haife ki kika fara, ba ki huta ba.

Na biyu. Ba a bina kuɗi, ba na bin kowa. Amma babbar tukunyar da ke bayan ƙofar kicin, wadda muka sha dafa wa alhazai shinkafa da ita a Arfa, ba tawa ba ce. Ta Ikram ce, ƙawata da aka rushe musu gida a unguwar Nakkasa, ajiya ta ba ni. A kai mata har da murfin. A gaya mata lotsawar gefen nan da ita tukunyar ta zo.

Na uku. Abin da na bari a raba muku yadda Allah Ya ce, ba ni da ta cewa. A sulusina kaɗai nake da baki, shi kuma na jikoki ne, tunda ba sa gado. Keken ɗinki na Nuf ne, 'yar Maha. Rediyona na mijina ne Talal, ɗan Abdulganiyyu, wanda ya aure ni tun yana rarrafe, har yau ban ga kuɗin cefane ba. Na yafe masa, ya je ya nemi yarinya. Warwarona na azurfa da duk abin da ya rage na sulusin na Hadil ne, 'yar ɗan'uwanku Sami, Allah Ya jiƙansa. Da ubanta bai riga ni tafiya ba, da kasonsa ya isa gare ta. Abdulganiyyu, kai ne madadin uba, kai za ka damƙa mata da hannunka.

Na huɗu. Wannan ita ce maganar da ta sa na ɗauki alƙalami, sauran duk rakiya suka yi mata.

Kun san inda Hadil ke aiki: tashar wutar lantarki ta nukiliya da ke bakin teku, a ƙasar maƙwabtanmu. Kun san sunan wurin, amma babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya tambaye ta me take yi a ciki. Tsoro kuka ji. Ni da ba ni da kunyar jahilci na tambaya, ta kuma yi mini bayani har na gane. Abin da suke ƙonawa a can ba ya hayaƙi, ba ya wari, amma yana fitar da wani tururi da ido ba ya gani, wanda in ya yi yawa yake illata jiki. Aikin ƙawata Hadil shi ne tsare mutane daga gare shi. Ita ke auna wuri kafin a shiga, ita ke cewa wane ya isa haka ya fito. Kowa a cikinsu yana maƙale da ɗan abu a ƙirji, ni na sa masa suna layar Nasara, yana riƙe da lissafin abin da ya taɓa jikin mutum. Kaya masu haɗari ba a kama su da hannu, sai da awartaki mai dogon hannu, ko daga bayan bango mai kauri, ko a ƙarƙashin ruwa mai zurfi. Dokarsu uku ce: kada ka daɗe, kada ka matsa kusa, ka sa shamaki tsakaninku. Na ce mata ashe iliminku na murhun Arfa ne, don mu ma haka muke yi da wutar manyan tukwane, ba mu je Koriya mun koyo kamar ita ba.

Abin da nake so ya zauna muku shi ne wannan. Tururin kamar zafin rana yake. Wanda ya yini a ranar Arfa ba ya shigo da rana cikin ɗaki. Abin da ake iya kwasowa shi ne ƙurar kayan, in ta manne a tufafi ko fata. Shi ya sa suke tuɓe nasu su sa na wurin, da safar hannu, in sun gama su bar su can, su wanke, sannan su bi ta wata ƙofa mai kuka in ta ji ko ɗigo. Wanda ƙofar ta yi wa kuka ba ya fita. To Hadil da ke shigo mana gida ta fi dukanmu tsabta, don mu babu ƙofar da ke duba mu.

Yanzu ku tuna shekarar da ciwon maƙoƙona ya tashi. A mustashfa, wato asibiti, suka kawo mini ɗan kafso guda a cikin wani kurtu na dalma mai nauyi, mai kawowar ta ajiye ta ja da baya kamar ta ga kunama. Maganin nan danginsu ɗaya da kayan aikin Hadil. Da na haɗiye shi, ni ce na zama tashar. Likita ya ce in koma gida in keɓe na 'yan kwanaki: kofina daban, makewayina daban, a wanke kayana daban, kada yaro ko mai ciki su raɓe ni. Ya gaya mini, amma ya manta cewa mu Hausawa ne. Kafin in cire mayafi dangi sun cika matattakala sun zo dubiya, kowa da kwanon kununsa, kowa na son ya sumbaci goshin Sitti ya sami lada. Hadil ta ɗauki hutu ta taho, ta kafa kujera a bakin ƙofata, ta mayar da ku ɗaya bayan ɗaya. Daga nesa take miƙo mini abinci, muna hira da ihu kamar kurame biyu.

Maha, a cikin waɗanda ta mayar har da ke, da Nuf a bayanki da tsohon ciki. Na ji muryarki ta bango. Kin ce 'yar da kika goya ce yau ta hana ki ganin uwarki. Na san ya yi miki ciwo, don ke ce ba ki taɓa bari na kwana da zazzaɓi ni kaɗai ba. Amma ki duba 'yar da Nuf ta haifa, takwarata, lafiyayya, baki kamar nawa. Ba ke Hadil ta kora ba. Jikarki ta tsare, tun ba ta san fuskarta ba.

Sai ga shi ranar sunan yarinyar, Hadil ta miƙa hannu za ta karɓe ta, kika janye jaririyar kika ce a bari sai ta yi ƙwari, ba a san abin da mutum ya kwaso daga wurin aiki ba. Ina zaune ina gani. Ta yi murmushi, ta ajiye kyautarta, ta shiga kicin tana wanke kwanukan da an riga an wanke. Daga ranar kika ware mata kofin shayi a gidana, kika ɗaura masa jan zare a hannu. Sauran kuma kuka bi, Abdulganiyyu kana gani ka kau da kai. Yarinyar da ke zuwa duk hutu yanzu sai da Salla, ta zauna bakin kujera kamar baƙuwa. Marainiya ce, ba ta da wani gidan da ya wuce ku. In na tafi a haka, na san ba za ta ƙara hawo matattakalar nan ba, kuma ba zan iya haɗa ido da Sami ba.

To ga albishir. Jan zaren nan, duk Juma'a in kun watse, nakan kwance shi in ɗaura wa wani kofin. Kofuna iri ɗaya ne, ni na saye su. Babu ɗayanku da bai sha shayi a kofin Hadil ba, har takwarata an ɗura mata ruwan zamzam da shi. Ban ga wanda gashinsa ya zube ba sai Abdulganiyyu, shi kuwa gadon ubansa ne. A gidan nan kaf mutum ɗaya ce ta taɓa fitar da tururin nan daga jikinta, ita ce ni, kuma ku ne kuke kokawar cin tuwo daga hannuna. Maganin ma tuni ya bar jikina, likita ya auna ya tabbatar, kada wata ta ce za ta sa safa biyu ranar wankana.

Na biyar. Hadil, ƙawata, saura ke, kada ki ɗauka kin tsira. Kina da gaskiya, amma bakinki ba shi da gishiri. Ranar da kika mayar da gwaggonki, da kin taso daga kujerar kin rungume ta kafin ki yi bayani, da ba mu kai nan ba. Gwaggo ba ma'aikacin tasha ba ce da za ki nuna wa layi ki ce tsaya nan. Ki fara gaishe ta, ke ce ƙarama. A wurin aiki kuwa, kada sabo ya sa ki raina abin da ba kya gani. Layarki kullum a ƙirji, ƙofar nan kullum ki bi ta, ko kina sauri. Warwarona kada ki shiga da su ciki. Ke kika ce mini abin da ƙurar ta taɓa, in bai wanku ba, can ake rufe shi a duro. Uwata ta taho da su daga Kano a ƙasa, ta ratsa Sudan, ba don su ƙare a duro ba. Ranar da Allah Ya ba ki miji da rabo, ki gaya wa shugabanninki da wuri su canja miki wuri, kada ki yi kunyar cikin fari irin tamu. Mijin ma ki daina auna shi da na'ura, ba za ki sami wanda ba za ta yi wa kuka ba.

Na shida. Wankana. Na san akwai mata masu wannan aikin, Allah Ya saka musu, su tsaya su nuna. Amma hannu biyu nake so a jikina: na Maha da na Hadil. Maha ta riƙe kaina, don ita ta san yadda nake son kitsona. Hadil ta zuba ruwan magarya da kafur, don a zuriyata babu wanda ya kai ta sanin yadda ake wanke abu a tabbatar ya wanku. Ba a wankan nan sai ɗaya ta ɗaga ɗaya ta zuba, dole hannuwanku su haɗu. In kun ga dama ku yi shi ba ku magana, ni dai ina kwance a tsakiya, kuma kun san ban taɓa iya yin shiru a tsakanin mutum biyu ba, wannan karon ku ne za ku cike mini.

Kwanakin zaman makoki, Hadil ce za ta zuba wa baƙi gahawa. Nuf, ki ɗaura mata takwarata a baya da zanen goyon da na goyi Sami, yana ƙasan akwatina. In yarinyar ta yi mata fitsari, ta gode wa Allah, an karɓe ta ke nan. Jan zaren kuma yana nan a kan kofin da na bar shi. Maha, ke kika ɗaura na farko, ke za ki kwance na ƙarshe, a gaban kowa. Ki zuba shayi a ciki, ki sha rabi, ki miƙa wa 'yar ɗan'uwanki.

Na yafe muku duka, wanda na sani da wanda kuka ɓoye kuna zaton ban sani ba. Ku ma ku yafe mini tsokanata. Abdulganiyyu, kada shayin Juma'a ya mutu da ni. Ko gidan nan ya fita hannunku, a yi shi a naka, kuma kada a fara zubawa sai an kira Hadil a waya an ji ta fito aiki lafiya. Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare ku daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Allah Ya haɗa kanku, Ya haɗa mu da Sami a gidan da ba a ware wa kowa kofi.

Uwarku, kakarku,
Sa'adatu Tijjani, Makka.