Alhaji Sambo Ya Nema Mini Aikin Gadi

Zuwa ga ƙanena Iliya,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya iyali, yaya kasuwar Mubi? Da fatan ƙafar Inna ta yi sauƙi. Ni dai ina nan Garwa da rai.

Na je wurin Alhaji Sambo dillalin shanu, kamar yadda ka ce. A garin nan baƙo ba ya samun aiki sai ɗan gari ya kai shi da kansa. Na yi ta sintiri a ƙofarsa har ya yarda ya kai ni wurin mai wata makarantar kuɗi da ke neman malamin Turanci. Na sa babbar rigata, na ɗauki takarduna.

Da muka shiga suka yi ta Fulatanci suna dariya. Sai mai makarantar ya dube ni ya ce da Hausa, "Baba, kana iya kwana a farke?" Ashe gadi Sambo ya nema mini. Koyarwar kuwa ya riga ya karɓa wa surukinsa. Ni da na yi hedimasta!

Iliya, shanunsa ba sa shiga kasuwar Mubi sai da yawunka. In ya zo bayan salla, kada ka sauke shi, kada ka tsaya masa. Bar shi ya tsaya a rana da garkensa, ya ji yadda baƙunci yake. In ka yi masa shimfiɗa, kada ka ƙara rubuto mini.

Ka gaida Inna, ta sa ni a addu'a. Kada ka gaya mata maganar gadin.

Yayanka,
Malam Habu